Neman takarda kafin sayen gida ba rashin kunya ba ne

A wajen wani suna a nan Garwa, a arewacin Kamaru, na ji wani dillali yana ba da labari, ransa a ɓace, jama'a suna taya shi. Wai ya kai wani matashi, malamin makaranta, ya ga gida a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin bakin gari. Ɗaki uku da falo, ga rijiya a tsakar gida, ga darbejiya a ƙofa. An yi ciniki, an sallama, har an sa ranar biya. Sai yaron ya ce shi ba zai ba da ko dala ba sai ya ga titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, kuma a gaban noter, jami'in da doka ta ba ikon rubuta ciniki da tabbatar da shi, za a ƙirga kuɗin. Mai gidan, dattijo ne, ya ce masa: "Ɗana, ni za ka tambaya takarda? Da furfurata zan cuce ka?" Nan ciniki ya watse.

Fushin dillalin bai dame ni ba, la'adarsa ce ta salwanta, dole ya yi ƙorafi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda majalisar ta ɗauki zancen. Wannan ya ce yaran yanzu ba su da kunya. Wancan ya ce boko ne ya ɓata su. Wani ma cewa ya yi duk wanda ba ya yarda da mutane, shi kansa ba abin yarda ba ne. Aka ci tuwo aka watse, ba a samu ko mutum ɗaya da ya tambaya ko gidan yana da takardar ba.

Ni ina bayan yaron nan. Duk wanda zai sayi gida a cikin gari, a Garwa ne ko Marwa ko Ngaundere, haƙƙinsa ne ya ga takarda kafin ya taɓa aljihu, kuma ba ya buƙatar ba kowa haƙuri a kan haka. Mutumin da ya yi shekara goma sha yana tara kuɗi, ya shiga adashi, ya sayar da shanun da ya gada, matarsa ta ƙara masa da kuɗin ɗan kunnenta, ba shi ne ya kamata ya ji kunya ba don ya ce a nuna masa hujja. Kunyar nan da muke ɗora wa mai saye ita ce jarin masu damfara, ko da wanda ya fara ɗora ta mutumin kirki ne.

Abin mamaki, mutanen da suka zagi yaron, idan babur za su saya na hannu, ba za su bar wurin ba sai an miƙo musu kart giriz, wato takardar rajistar babur ɗin, sun duba lambar da ke jikin inji sun ga ta yi daidai da ta takarda. Ba mai cewa an raina shi. Amma gidan da ya ninka babur kuɗi sau ashirin ko talatin, shi ne za a saya da "Allah shi ne shaida".

Abin da doka ta ce

Dokar filaye da ake aiki da ita a Kamaru an kafa ta ne ranar 6 ga Yuli, 1974, zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, wanda ɗan garin nan ne. Abu biyu a cikinta sun shafi kowane mai sayen gida. Na farko, cinikin fili ko gida sai an rubuta shi a gaban noter, in ba haka ba a idon hukuma tamkar ba a yi ba. Na biyu, sayar da filin da ba a yi masa rajista da sunan mai sayarwa ba ciniki ne ɓatacce, kuma dokar ta tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya sayar.

Yadda ake samun titir ɗin kuma yana cikin wata doka ta 27 ga Afrilu, 1976, wadda aka yi wa gyara ranar 16 ga Disamba, 2005. Tun bayan gyaran, a matakin departema, wato yankin mulki da ke ƙarƙashin jiha, ake fitar da takardar, ba sai fayil ya yi tattaki zuwa Yawunde ba. Kundin filayen Garwa yana nan cikin Garwa.

Mutum yana iya cewa dokar ba ta yi masa daɗi ba, ni ma akwai wuraren da ba ta yi mini ba. Amma ranar da aka shiga gaban alƙali, da ita za a yi hukunci.

"Ai iyayenmu da baki suka saya"

Gaskiya ne, kuma gidajen suna nan har yau, jikoki suna ciki. Sai dai a tuna irin garin da suka saya a ciki. A tsofaffin unguwanni irin su Fulɓere, kowa ya san gidan wane, ya san uban wane, ya san daga ina katangarsa ta fara. Idan wani ya zo ya ce fili nasa ne, tsofaffi uku za su fito su ƙaryata shi a tsaye. Unguwa kanta ita ce kundin. Fili kuma ba shi da tsadar da za ta sa ɗan'uwa ya manta da zumunci.

Yanzu fa? Gari ya faɗaɗa ta kowace kusurwa. Ma'aikatan kamfanin auduga na Sodekoton da na gwamnati, 'yan kasuwa, mutanen da rikicin Boko Haram ya taso daga can arewa, ɗaliban jami'ar da aka kafa a 2022, kowa wurin zama yake nema. Gyaran hanyoyi da aka yi lokacin gasar ƙwallon Afirka, da aka buga wasanni a filin Rumde Ajiya a farkon 2022, ya ƙara wa wasu unguwanni daraja. A sabuwar unguwa maƙwabcinka na dama daga Gidar ya zo, na hagu daga Kusiri, na bayanka ma'aikaci ne da za a iya canza wa wurin aiki gobe. Wa zai tuna iyakarka bayan shekara goma sha biyar?

Shaidun baki mutuwa suke yi. Wasu su ƙaura, wasu su tsufa su rikice, wasu kuma, Allah Ya kyauta, a ba su na goro su ce ba su tuna ba. Dattijon da ya ce ba zai cuci yaron da furfurarsa ba, wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma yaron ba da dattijon kaɗai yake ciniki ba. Da 'ya'yansa yake yi, da surukansa, da duk wanda zai fito bayan ransa ya ce Baba aro ya ba ka, ba sayarwa ba.

Masu kawo addini cikin zancen kuma, su ce cinikin Musulmi da shaidu biyu ya wadatar, su koma su karanta aya ta 282 cikin Suratul Baƙara. Ita ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, kuma a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki ta sauka. Addinin da ya ce a rubuta bashin da ke tsakanin 'yan'uwa biyu, kaɗan ne ko mai yawa, ba shi ne zai ga laifin mai neman takardar gida ba.

"Ga hatimin jauro, me kuma kake nema?"

Wannan ita ce takardar da ta fi yawo a hannun mutane: farar takarda ɗaya, an rubuta cewa wane ya sayar wa wane, ga sa hannun shaidu, ga hatimin jauro ko lawan, wato mai unguwa ko dagaci, a ƙasa. Wasu har su kai ofishin sufirefe, wakilin gwamnati mai shugabantar gunduma, ko na 'yan sanda a buga musu wani tambarin, su dawo suna jin sun gama komai. Tambarin nan abin da yake tabbatarwa shi ne cewa wane ne ya sa hannu. Bai ce filin nasa ne ba.

Ba ina rage wa sarauta daraja ba ne. Doka ma ta ba su gurbi. Kwamitin da ke zuwa duba fili kafin a yi masa titir, sufirefe ne shugabansa, kuma sarkin wurin da dattawansa biyu suna ciki, saboda su ne suka san tarihin ƙasar. Wato aikinsu shaida ne. Amma shaida daban, mai bayar da mallaka daban.

Akwai kuma wata rana da ya kamata duk mai neman gida a bakin gari ya riƙe: 5 ga Agusta, 1974. Filin da mutum ko iyayensa suke zaune a kai ko suke nomawa tun kafin wannan rana, yana iya neman a yi masa titir kai tsaye. Wanda kuwa daji ne a lokacin, ba kowa a kansa, hanyarsa daban ce: sai ka nemi gwamnati ta ba ka izinin wucin gadi, ka raya wurin, sannan a tabbatar maka. To yawancin unguwannin da muke kira sababbi, me ke wurin a 1974? Wasu gonaki ne, wasu makiyaya, wasu ƙaya da duwatsu. Wanda ya yanka su fuloti-fuloti ya sayar, sau da yawa shi kansa ba shi da abin nunawa.

Daga nan ake samun fuloti ɗaya mai iyayengiji uku, kowanne da takardarsa, kowacce da hatimi. Jauron da ya sa hannu a ta farko ya rasu, wanda ya gaje shi ya sa a ta biyu bai san da ta farkon ba, tunda ba wani kundi da ake ajiyewa. Ba lallai ne ma a ce wani ya yi niyyar cuta ba. Rashin wurin dubawa kaɗai ya isa ya haɗa mutane faɗa.

Gidan gado

A nan ne na fi son mai saye ya buɗe ido, domin a cikin gari gidajen da suka fi kyawun wuri, kusa da kasuwa ko babban masallaci, galibinsu na gado ne.

Yadda abin yake faruwa kusan iri ɗaya ne. Uba ya rasu ya bar gida da mata biyu da 'ya'ya goma sha. Ba a raba gado ba, saboda an ce kada a watsa gida. Babban wa yana riƙe da makulli, shi ke karɓar kuɗin haya, shi ake gani a matsayin mai gida. Wata rana bashi ya taso shi, ko yana son jari, ko kujerar Makka, sai ya kira dillali. Da ka tambaya ina sauran magada, sai ya ce: "Ai ni ne babba, duk sun wakilta ni." Ƙannensa maza biyu da ke gari su zo su sa hannu. Matan fa? Ɗaya tana aure a Ngaundere, ɗaya a Yola, ɗaya a Anjamena, ƙaramar ba ta ma balaga ba. Ba wanda ya kira su. An ce mata ne, za a ba su nasu daga baya.

Kai kuma ka biya, ka fasa bango ka ƙara ɗaki, ka sa tayil, ka tare da iyalinka. Bayan shekara huɗu sai ga sammaci. Wadda ke Yola ta dawo, aurenta ya mutu, ta zo gidan ubanta ta tarar da baƙo. Kuma tana da gaskiya. A shari'ar Musulunci tana da rabin rabon namiji, uwarta da kishiyar uwarta suna da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, su raba. Wanta ba shi da ikon sayar da rabonta, kai ma ba ka da ikon saye. A kotun gwamnati ma wanta ba shi da wannan ikon.

Kuɗinka kuwa an daɗe da cinye su. Wanda ya karɓa zai ce maka: "Alhaji, ka yi haƙuri, ƙaddara ce."

Maganin wannan sananne ne, mutane ne ba sa so. Akwai hukuncin kotu da ke lissafa magada ɗaya bayan ɗaya, wanda ake samu bayan zaman dangi. Noter na ƙwarai ba zai rubuta cinikin gidan mamaci ba sai ya ga wannan hukunci, kuma sai kowane magaji ya sa hannu ko ya aiko da wakilci a rubuce. Idan da maraya ƙarami a ciki, rabonsa ba ya sayuwa da yardar wa ko kawu kawai. Abin yana ɗaukar lokaci, gaskiya ne. Dillali zai ce maka akwai wani Alhaji da ke jira da kuɗi a hannu, in ba ka biya yau ba gobe ya ɗauka. Bar shi ya ɗauka.

Kuma a lura, mai sayen da ya dage sai ya ga sa hannun kowace mace a gidan, ba kansa kaɗai ya tsare ba. Sau da yawa dagewarsa ce ke sa a tuna da marainiya a ba ta haƙƙinta. Wannan ne ake kira rashin kunya?

"Titir ɗin ma ana yin na jabu"

Ana yi. Wannan hujja tana da ƙarfi, ba zan yi kamar ban ji ta ba. An sha jin fili ɗaya da titir biyu, an sha jin wanda aka yi wa takarda a kan gonar wasu ba da saninsu ba. Dokar da ta ce titir tabbatacce ne ba a ja da shi, ita ce kuma ta ba ministan filaye ikon janye wanda aka samu ta hanyar zamba ko kuskuren ma'aikata. Ke nan ita kanta ta san ana yi.

Amma abin da wannan ke nunawa shi ne kada ka tsaya a ganin takarda. Fotokofin da dillali ya zaro daga aljihu, ya naɗe ta huɗu, ba komai ba ce. Ɗauki lambar titir ɗin ka je ofishin mai ajiyar kundin filaye da ƙafarka, ka nemi takardar shaidar mallaka ta kwanan nan. Ita za ta gaya maka sunan wa ke kan filin yau, faɗinsa nawa, kuma ko an jinginar da shi a banki ko akwai ƙara a kansa. Gida yana iya zama da titir na gaske, amma mai shi ya ci bashi da shi tun shekara uku da suka wuce.

Sai ka ɗauki mai awon fili na kadastir ya zo ya nemo turakun siminti na iyaka, waɗanda muke kira born, ya gwada su da taswirar da ke cikin fayil. A nan ake ganin abin dariya da abin kuka. Wani titir ɗin na gaske ne, amma na fulotin da ke bayan wanda aka nuna maka. Wani gidan kuma ɗakin girkinsa da bayan gidansa duk a kan hanyar unguwa aka gina su, ranar da magajin gari ya tashi buɗe layi, jan fenti za ka tarar a bango.

Akwai kuma wata dabara da ta yi yawa. A nuna maka babban titir na fili mai faɗi, da sunan wani attajiri ko wani dangi, a ce gidanka yana ciki, saboda haka "yana da titir". E, yana ciki, tare da gidaje arba'in. Muddin ba a yanke naka an fitar masa da lambarsa da sunanka ba, a kundin gwamnati mai babban titir shi ne mai gidanka. In ya mutu, magadansa ne. In ya ci bashi, bankinsa ne.

Kuɗi da jeka-ka-dawo

Wanda ya ce bin hanyar doka akwai tsada da wahala bai yi ƙarya ba. Akwai kuɗin noter, akwai harajin rajista da ake lissafawa bisa kuɗin gidan, akwai na awo, akwai na tambura. Ga kuma wanda ba a rubuta a ko'ina ba: na man mota, na "a duba fayil", na ruwan sanyi. Fayil ya kwana a tebur wata da watanni saboda mai sa hannu ya yi tafiya. Talakan da bai iya Faransanci ba, tun daga ƙofa ake fara juya shi, sai ya nemi ɗan tsakiya, ɗan tsakiyan ma ya ci nasa.

A nan laifin hukuma ne, kuma ya kamata a faɗa da babbar murya. Ƙasar da ta ce takarda ɗaya ce tak hujjar mallaka, wajibinta ne ta sa takardar ta samu ga mai sayar da goro kamar yadda take samuwa ga babban ɗan kasuwa. Me zai hana a liƙa farashin kowane mataki a bangon ofis, da wa'adinsa, a kuma yi bayaninsa a rediyo da Fulatanci da Hausa? Yawancin masu sayen fili da takardar jauro ba taurin kai ne ya kai su ba. Sun leƙa ofis ne sau ɗaya suka ga abin ya fi ƙarfinsu.

Duk da haka, a yi lissafi. A ce gida na miliyan 15 ne na sefa. Ko da takardu za su ci maka wani abu a kai, kuɗi ne da ka san iyakarsa tun kafin ka fara, kana iya sa shi cikin ciniki, ka ce wa mai gida a rage tunda ni zan ɗauki takardu. Shari'ar fili kuwa ba wanda ya san iyakarta. Lauya, zirga-zirga, ɗage zama, ɗaukaka ƙara, ga hawan jini. Ƙarshenta wataƙila ka rasa miliyan 15 ɗin gaba ɗaya har da abin da ka ƙara a gini.

Wani abin da mutane ke yi don rage haraji shi ne su gaya wa noter rabin kuɗin, sauran a miƙa a bayan fage. Ranar da cinikin ya warware, abin da ke rubuce shi za ka iya nema. Sauran sai dai ka bar wa Allah.

Ma'aikata kuma su tuna, kowane wata ana cire kashi 1 cikin 100 na albashinsu ana zuba wa Kiredi Fonsiye, bankin gidaje da aka kafa a 1977. Ko mutum yana ƙyamar bashi mai ruwa ko ba ya yi, wannan zaɓinsa ne. Amma wanda yake son ya amfana da kuɗin da ake cire masa, da takardar jauro ba za a saurare shi ba.

Takarda ba ta tare ruwa

Kada wani ya ɗauka da an ga titir an gama. Akwai abin da ba a rubutawa a kundi, sai ƙafa da ido.

Dillalai sun fi son nuna gida da rani, ƙasa a bushe, layi a share. Ni kuwa a ganina gidan da ba ka gani a watan Agusta ba, ba ka gan shi ba. Garwa a bakin Binuwai take, madatsar Lagdo kuma tana sama da mu tun 1982. Waɗanda suka ga damunar 2012, da madatsar ta cika aka saki ruwa ya mamaye ƙauyuka da unguwanni har cikin Najeriya, ba sa buƙatar a yi musu bayani. A 2022 da 2024 mun ga abin da ya samu mutanen Yagwa da Kusiri. A Marwa, Mayo Kaliyawo da yara ke buga ƙwallo a cikin yashinsa da rani, shi ne ke cika ya ci gaɓa da damina. Bakin kogi da fadama ma a doka dukiyar jama'a ce, ba wanda ke da ikon sayar maka.

In ba za ka iya jiran damina ba, dubi gindin bango. Ruwa yana barin layi, kuma sabon fenti da aka shafa daga ƙasa zuwa gwiwa kawai yana da abin da yake ɓoyewa. Dubi dokin ƙofar maƙwabta: in kowa ya ɗaga nasa da bulo biyu ko uku, ga buhunan yashi a gefe, an ba ka amsa. Dubi tsagewar bango, musamman inda aka yi gini a kan baƙar laka irin ta karal, wadda ke kumbura da damina ta tsage da rani, tana jan harsashin gini tare da ita.

Sannan ka koma unguwar kai kaɗai, ba tare da dillali ba. Yi sallar magariba a masallacinsu, ka zauna wurin mai shayi. Tambayi matan da ke ɗiban ruwa sau nawa famfo ke kawowa a mako. Tambayi ko akwai bashin wuta a kan mita, ko ɗan hayan da ke ciki ya biya shekara gaba, ko kwatar gidan ta cikin gidan wani take bi. Ka kuma shiga ɗakunan da azahar a watan Afrilu in ka samu hali, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, ka ji yadda kwano marar silin yake.

Wanda ƙarfinsa bai kai ba fa?

Wannan ce tambayar da ta fi wuya. Gidaje da yawa a garuruwanmu ba su da titir, kuma ba za a ce kowa ya zauna a haya har ya mutu ba. Mai ƙaramin ƙarfi zai ci gaba da sayen abin da aljihunsa ya kai, ko na rubuta ko ban rubuta ba.

Abin da nake cewa shi ne ya san abin da ya saya, kuma ya biya kuɗin abin da ya saya. Gida marar titir kada a sayar maka da shi a farashin mai titir, domin kasadar da ke ciki kai za ka ɗauka. Hanya mafi tsafta ita ce a yi yarjejeniya mai gida ya fara fitar da titir da sunansa, ko da kai za ka taimaka da kuɗin a cire daga ciniki, sannan a je gaban noter a mayar da shi sunanka. Kafin alƙalami ya zama kaɗan, a rubuce, da sharaɗin mayarwa in takarda ba ta fito ba. Sauran kuɗin su zauna a hannunka ko a hannun noter. Neman titir yana da matakin sanarwa, inda ake ba duk mai ja damar ya fito ya yi magana. In akwai wata 'yar'uwa a Yola ko wani mai takarda ta biyu, gara su fito a lokacin, kuɗinka suna aljihunka.

In mai gida ya ƙi wannan duka, ya ce shi dai a ba shi kuɗi yau a rubuta a farar takarda, to tambaye shi dalili cikin ladabi. Ce masa: "Baba, ba ƙin yarda ba ne, 'ya'yana nake dubawa, kamar yadda kai ma kake duba naka." Dattijon da gidansa ne da gaske, kuma ba wanda ya ɓoye wa cinikin, ba abin da zai rasa in an je ofis, sai ɗan jinkiri. Dillali kuma a gaya masa tun farko cewa la'adarsa tana fitowa ne ranar da aka sa hannu a gaban noter, ba ranar da aka tafa ba. Daga ranar za ka ga shi da kansa yana bin fayil ɗin ofis-ofis.